Tsuntsayen Takarda Dubu

Tun da na ga 'yata Kotone tana ɗaure gwiwa a bakin ƙofa da safe, na san ranar ba za ta ƙare lafiya ba.

"Baba, kada ka gaya wa koci," ta ce. "Yau fa da makarantar su Sumire za mu kara. Shekara biyu suna cinye mu."

Ban gaya wa koci ba.

Wasanta na ƙarshe ke nan na ƙwallon raga a sakandare. A zagaye na uku ta yi tsalle, ta dira a kan ƙafar, ba ta tashi ba. Aka cinye su.

Bisa al'adar wasannin makarantunmu, waɗanda aka cinye kan miƙa wa masu nasara tsuntsayen takarda dubu da suka ninke don neman sa'a. Kotone ce kyaftin, ta ƙi yarda wata ta kai. Ta dafa kafaɗata muka tsallaka filin.

Sumire, babbar abokiyar hamayyarta, ta karɓa tana kuka. "Ke mai taurin kai, wa zan doke baɗi a jami'a?"

"Riƙe su da kyau, uwar surutu."

Jijiyar gwiwar ce ta tsinke. Har yanzu likita bai san ko za ta sake tsalle ba.