Homa Ba Raga

A shekarun da Birnin Kebbi take karɓar umarni daga Sakkwato, kafin a yanka mata jiharta, kwamfuta ɗaya tak ce a sashen zanen gine-gine na wata kwaleji da ke garin. An ware mata ɗaki ita kaɗai, da labule, da na'urar sanyi, gatan da ko shugaban sashen bai samu ba. Makon da aka kawo ta, malamai maza suka yi ta tururuwa suna leƙe, kowa ya danna abin da zai danna, ta ƙi kula su, suka watse suka koma kan allunansu da rula. Wadda ta liƙe mata ita ce Malama Sadatu Dankure, ɗiyar masuntan Argungu, mace mai taurin kai tun tana goye. In kana son Sadatu ta rungumi abu da hannu biyu, to ce mata ba na mata ba ne.

Da kwamitin bikin kamun kifi na Argungu ya roƙi kwalejin ta zana masa abin ado na ƙarfe da za a kafa a shataletalen shiga gari, shugaban sashen bai ko yi dogon tunani ba ya tura mata aikin. Ba don ya yarda da ita ba, a'a, so yake baƙi daga Sakkwato su ji an ce kwamfuta ce ta zana.

Sadatu kuwa ta san abin da za ta zana tun kafin ya rufe baki. A ɗakinta na unguwar Badariya, ƙarƙashin gado, akwai wasu tanƙwararrun sanduna guda biyu, sun yi baƙi sun yi santsi don riƙo. Sandunan homar mahaifinta ne. Homa ita ce komar hannu da masuntan Kabi ke faɗawa ruwa da ita ranar kamun kifi, raga ce a ɗinke jikin sanduna masu lanƙwasa. Mahaifin nata, Dankure, da hannunsa yake tanƙwara nasa a bakin wuta, Sadatu na tsugune gefe tana miƙa masa ruwa. Ba shi da ɗa namiji, ita kaɗai Allah ya bar masa. Ranar da aka raba kayansa bayan rasuwarsa, ƙanensa Labbo ya zauna gaban dattawa ya sa wuƙa ya kwance ragar tsaf, don zarenta mai kyau ne, ya ba 'ya'yansa maza. Sandunan kuma ya jefa kan tulin itacen girki, ya ce, "Mace mi za ta yi da homa?" Yarinyar ta jira aka watse, ta je ta zaro su. Abin ya ci mata rai, kuma bai daina ci ba har ta girma.

Sandunan nan ta ɗauko ta kai ɗakin kwamfuta a naɗe cikin tsohon zane. Ta shimfiɗa su kan tebur, ta auna lanƙwasarsu gaɓa gaɓa, tana shigar da lambobin cikin na'urar. A gilashin kwamfutar, koren layi ya fito ya tanƙware daidai yadda hannun Dankure ya tanƙwara itace. Har wata 'yar karkacewa da ke jikin sandar hagu, inda wuta ta taɓa cin ta, ba ta gyara ba, ta bar ta. Sannan ta sa kwamfutar ta maimaita layin, kowane sabo ya fi na baya tsawo, ya kuma ɗan juya kaɗan, har suka tashi sama suna buɗewa suna kewaye juna. Babu kifi, babu mutum, babu ko igiyar ruwa. Tanƙwararrun layuka ne kawai da sarari a tsakaninsu. Ta yi ta juya siffar a gilashin, ta dube ta daga gabas, ta dube ta daga sama. Sau da yawa a ɗauke wuta aikin yini ya tafi, ta yi tsaki, ta sake daga farko.

Da ta gama, injin zane ya kama alƙalaminsa ya yi ta kai da komo kan babbar takarda. Manyan layuka masu kauri su ne bututun ƙarfe. Bayansu kuma na'urar ta ja wasu siraran layuka a gicciye, gida-gida, don mai aiki ya riƙa ƙirga awo da su. Sadatu ta saba da su har ba ta ganinsu, shi ya sa bai zo mata a rai ta yi wa kowa bayaninsu ba.

Ta kai takardar Argungu wurin Kalilu mai walda, wanda kwamiti ya ba aikin. Mutumin kirki ne, hannunsa na da kyau, shi ma ɗan masunta ne kafin ya koma wuta da ƙarfe. Ya tanƙwara bututun a gabanta, ta gamsu, ta koma Birnin Kebbi don jarrabawar ɗalibai ta taso.

Ana jibi biki ta shigo motar haya da hantsi, zuciyarta fes. Tun daga nesa ta hango abin ya tashi sama a shataletale, sai dai wani duhu-duhu da ta gani a jikinsa. Da motar ta matso, kai! Sai da ta dafe ƙirji. An bi kowane sarari tsakanin bututun an ɗinke shi da ragar waya, gida-gida, tsaf, ba a bar ko tafin hannu ba. Abin da ta zana don sama ta riƙa ratsa shi ya koma kamar akurkin kaji.

"Kalilu! Mi kay yi haka?"

Kalilu ya sauko daga tsani yana murmushi, shi a zatonsa yabo zai sha. Ya warware takardar ya nuna mata siraran layukan. "Malama, ga ta nan, ke kiz zana ta. Ni ina ganin sandunan nis san homa ce. Ga raga kuma a bayansu. Aradu mun sha wuya kahin mu daidaita idanunta."

Sadatu ta dubi layukan. Me za ta ce masa? Ka nuna wa ɗan Argungu tanƙwararriyar sanda da layuka a gicciye, ka ce kada ya ga homa da ragarta? Laifin ba nasa ba ne. Ta sassauta murya ta ce masa layukan awo ne kawai, a cire wayar. Kalilu ya sosa ƙeya, ya kalli bayanta.

A bayan nata kuwa Baba Labbo ne tsaye cikin babbar riga, ƙanen mahaifinta, wanda yanzu shi ne mataimakin shugaban kwamitin biki. Kusa da shi wata a-kori-kura ce, an ɗaure mata wani ƙaton kifi, giwan ruwa, da aka ƙera da kwano a baya, an shafe shi da fenti ruwan azurfa, ido jajir.

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata. Ya amsa da fara'a, ya ce, "Ɗiyata, kin hisshe mu kunya. Da nig ga ƙarhunan tsirara hankalina ya tashi, nac ce wanga mi na? Amma da anka sa raga, sai ga homa ta hito. Gobe mu rataya kihin ga a ciki, baƙi su san Argungu sunka shigo."

"Baba, ba raga cikin zanena. Ba kihi kuma."

"To yanzu akwai."

"A cire su za a yi."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya matso ya rage murya don kada masu kallo su ji. Ya ce mata kwamiti ya gani ya yaba, magana ta ƙare. In ta kuskura ta taɓa ko waya ɗaya, shi da kansa zai je wurin shugaban kwalejinsu ya ce ta ɓata kayan hukuma ana jibi biki, kuma zai sa a tumɓuke ƙarafan gaba ɗaya a kafa kifin shi kaɗai. Ta zaɓa: ko abinta ya tsaya da raga da kifi, ko kada ya tsaya sam, aikinta ma ya bi shi.

Sadatu ta ji tsoro, kada wani ya ce muku ba ta ji ba. Aikin nan shi ke riƙe da ita da mahaifiyarta Kulu. Ta tafi gida ta zauna a tsakar gida ta kasa cin tuwo. Kulu ta ce ta yi haƙuri, waya ce kawai, wa zai san bambanci? Ita kuwa abin da ke ƙona ta ke nan. Mutumin da ya kwance ragar ubanta ya hana ta, yau shi ne zai maida mata raga don ya yi ado gaban baƙi, a ce ga homar gidansu. Wallahi ba da hannunta ba.

Washegari da safe, rana ta fito sosai, kasuwa ta fara cika, masunta daga Augie da ƙauyukan bakin gulbi suna ta shigowa da gorunansu a ka. Ba ta yi abin a ɓoye ba. Ta biya rumfar Kalilu ta ɗauki almakashin ƙarfe, ta zo shataletale, ta cire mayafi ta ɗaure ƙugu da shi tamau, ta kama tsani ta hau. Mace a kan tsani tsakiyar Argungu! Masu keke suka tsaya, masu tallar fura suka sauke ƙwarya. Ta sa almakashi ta datse waya ta farko, ƙas. Ta biyu, ƙas. Tafin hannunta ya fashe tun ba a je ko'ina ba, ta naɗe shi da gefen zane ta ci gaba. Falle na farko ya saki ya faɗo ƙasa, shuɗin sama ya leƙo ta gurbinsa.

Kafin ta gama na biyu labari ya kai wa Labbo. Ya iso da a-kori-kurar da kifinsa da wasu dattawan kwamiti, yana haki.

"Sadatu! Sauko nan! Ba ki da kunya? Ni kika yi wa haka gaban jama'a?"

"Ina zuwa, Baba, in na ƙare." Ƙas.

"Na rantse yau aikinki ya ƙare!"

"Allah shi ka ba da wani." Ƙas.

Jama'a suka fara guna-guni, wasu na dariya, wasu na cewa ai boko ne ya taɓa mata kai. Labbo ya ga barazana ba ta ci ba, sai ya juya ga taron, ya ɗaga hannu yana nuna ƙarafan da suka fara tsiraita.

"Jama'a, ku masunta na, ku gaya mata! Wa yat taɓa ganin homa ba raga? Mi za ta kama? Wane mahaukaci ka ba mutum homa haka?"

Sadatu ta dakata da yankan. Ta juyo a kan tsanin, gumi na zuba, jini ya ɓata mata zane. Ba ta ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit har kowa ya ji.

"Haka kunka ba ni ita, Baba."

Cikin dattawan nan akwai waɗanda suka zauna rabon kayan Dankure. Ɗaya ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba. Wani tsohon masunci ya matso gindin ƙarafan, ya ɗaga kai ya bi bututu ɗaya da ido har inda ya ɗan karkace, ya ce a hankali, "La ilaha illallahu. Sandar Dankure ce. Ga inda wuta tac ci ta."

Labbo ma ya duba. Ya san karkacewar nan sarai, don shi ya riƙe sandar a hannunsa ranar da ya bi ta da wuƙa. A kowane bututu tana nan, daga ƙarami har wanda ya fi tsawo, an maimaita ta a sama inda duk mai shiga Argungu zai gani.

Direban a-kori-kurar ya leƙo ya ce, "Alhaji, a sauke kihin?"

Labbo ya juya masa baya. Ya tattara babbar rigarsa, ya ratsa taron ya bi hanyar gida a ƙasa, ya bar motar nan tsaye da kifinta a ɗaure.

Sadatu ba ta bi shi da kallo ba. Ko zai je wurin shugaban kwaleji, ko ba zai je ba, wannan na gobe ne. Ta juya ta kama waya ta gaba. Sai ta ji tsanin ya daina rawa. Ta duba ƙasa, Kalilu ne ya riƙe shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana miƙo mata wani almakashin.

"Karɓi wanga, Malama," in ji shi. "Ya hi kaihi."