Keken da Ba Ruwansa da Kunya

Shekarar da fetur ya fi ƙarfin talaka, babur ɗin Abdulƙadir ya koma wurin kwanan kaji. Ita kuwa zuciyarsa tana can hayin rafi wajen Sakinatu, wadda in ta yi murmushi sai ya manta da tsadar komai. Ga shi mahaifinta, Malam Nababa, ya aiko cewa ya zo ranar Asabar bayan la'asar, ya gan shi ido da ido kafin ya ce e ko a'a.

Sai Abdulƙadir ya nufi Tsanyawa wajen Dallatu mai kekuna. Ya fara taɓa wani siriri.

"Haba angon gobe! Wannan ai yashin rafi zai haɗiye ku tare," in ji Dallatu. Ya jawo wani na gwanjo, tayarsa kamar cinyar bijimi. "Ga na maza. Yashi, taɓo, burji, duk takawa yake. Ko gona ka shiga, ba ruwansa da kunya."

Ranar Asabar ya sa farar shadda, ya fesa turare, ya hau. Wayyo daɗi! Yashin da ke sa mutane sauka su tura, shi bisa kansa ya wuce kamar a kan tabarma. Sai dai keken nauyi gare shi, ga rana tana sunkuyawa. Da ya hango rimin garin su Sakinatu, ya saki hanya ya yanke ta cikin wata gonar gyaɗa, yana hawa kunya yana sauka, yana sa wa Dallatu albarka.

Ya isa a kan lokaci. Malam Nababa ne ma bai dawo ba.

Can sai ga dattijon, fartanya a kafaɗa, kansa a sunkuye kamar mai neman allura. Bai ɗago ba sai da ya zo gindin keken.

Abdulƙadir ya zube ya kwashi gaisuwa.

"Samari, wannan dabbar taka ce?"

"Tawa ce, Baba," ya ce, yana shafa sirdin keken. "Ko'ina shiga yake. Ba ruwansa da kunya."

"Na shaida. Tun daga gonata nake bin sawunsa. Na ɗauka tarakta ce gwamnati ta tuna da mu."

Daga bayan zana aka ji wata dariya ta kufce, aka toshe ta da mayafi. Ya san mai ita. Ya so ƙasa ta tsage.

Malam Nababa ya miƙa masa fartanyar. "Kunyar gona tana tasuwa, ɗana. Je ka tayar min da su kafin magariba. In na ga aikinka, sai mu duba ko kai kana da taka."

Abdulƙadir ya naɗe hannun shaddarsa, ya kama keken.

"A'a, bar shi nan," in ji dattijon. "Shi ai mun riga mun gana."