Ranar da Injin Markaɗe Ya Ƙi Yin Shiru

"Shiru! A kashe injin nan, za mu ɗauka!"

Mai Inji ta kai hannu ta kashe, ko kallon mai maganar ba ta yi ba. Markaɗen wata mata ya tsaya a tsakiya, rabi a roba, rabi maƙale a mazurari. Mai Walda da ke tsallaken layi ya tura baƙin gilashinsa saman goshi. Bakanike ya fito daga ƙarƙashin mota ya zauna a kan taya. Haka 'yan fim suka mayar da su tun farkon mako, in an ce shiru har tari sai mutum ya haɗiye.

Ba da son ranta take kashewa ba. Mai gidan haya ne ya karɓi nasa a hannun Darakta, sannan ya zo har rumfarta ya ce, "Inna, ranar da kika ɓata musu aiki, ranar za ki kwashe injinki daga jikin bangona." Duk layin kuwa ba ta da wani bangon.

Bayan bangon nan ɗakin Masinja ne.

Tun gashinsa na baƙi Masinja yake aiki a bankin da ya rushe. Shi ke kai saƙo, shi ke dafa wa Manaja shayi, shi ke buɗe masa ƙofar mota. Da alfahari ya bi layin gida-gida yana cewa a daina ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa, aka kuma ji maganarsa. Ranar da aka wayi gari da kwaɗo a ƙofar bankin, kuɗin Mai Inji ya tafi, na Mai Walda ya tafi, na Masinja kansa da kuɗin sallamarsa suka tafi tare. Manaja ya hau jirgi. Masinja ya dawo gida a ƙafa.

An yi fushi da shi, ita ma ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa. Amma da ta ga ana fita da kujerun ɗakinsa ɗaya bayan ɗaya, har da keken ɗinkin marigayiya matarsa, sai ta koma aika masa da abinci.

Sai Darakta ya zo, wai zai yi wasan talabijin a kan waɗanda rushewar ta cinye. Ya zauna a ɗakin Masinja, ya kira shi Baba, ya sa hannu a kwanonsa. Masinja ya zazzage masa cikinsa kaf. Ranar da aka fara nunawa, layin ya taru a shagon aski. Sai ga Manaja a allo, kyakkyawa, yana kuka a ofis saboda talakawa. Sai ga wani masinja mai ɗingishin Masinja, mai cewa "ranka ya daɗe" sau biyu kamar yadda yake yi, yana fita da jakunkuna ta ƙofar baya yana lasar baki. Da shirin ya ƙare, sunan kamfanin surukin Manaja ya hau allo cikin masu ɗaukar nauyi.

Daga nan mutanen wasu unguwanni suka fara rage gudun mota a ƙofarsa suna ihu, "Ɗauki-Jaka!" Ya daina fita. Sannan ya daina tashi.

Yau ake ɗaukar kashi na ƙarshe, inda za a kama Ɗauki-Jaka a ja shi a ƙasa. Darakta ya ce ƙofar gaske yake so. Kuma yau ɗin ce kawai, don gobe kayan aikin da suka yi haya za su koma hannun masu su.

Mai Inji ta goge hannu a zaninta, ta tsallake wayoyin da aka shimfiɗa, ta shiga gidan. Auta, 'yar Masinja da ta rage a gabansa, tana zaune a bakin katifa tana yi masa fifita da kwali.

"Maƙwabciya, ke ce?"

"Ni ce. Yaya jikin?"

"Jiki ya bi banki. An sa kwaɗo." Ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya karɓe. "Injin ya lalace ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Waɗannan la'anannun ne."

"Shekara da shekaru ina zagin injin nan a zuciyata. Ashe rufa mini asiri yake yi. Yanzu komai ina ji."

Ta jikin bango muryar ɗan wasan ta shigo sarai, yana gwaji: "Ranka ya daɗe, ranka ya daɗe, ni ban ɗauki komai ba!" Wani ya fashe da dariya, wasu suka taya shi.

"Ya iya ni," Masinja ya ce. "Har ya fi ni iya ni."

Mai Inji ta miƙe. "Bari in kunna."

"Zauna. Na sa kin yi asara sau ɗaya. Ya isa."

Ta zauna, haƙoranta a cije. Auta ta ci gaba da fifita. A waje aka yi ta "a sake", aka yi ta "shiru". Rana ta wuce tsaka, hasken taga ya sauka daga bango zuwa ƙafafunsa. Can kwalin ya tsaya a hannun Auta.

"Baba?"

Mai Inji ta matso ta duba, ta sa tafin hannu ta shafa masa idanu.

Kukan Auta bai yi nisa ba aka ɗaga labule. Mai ɗaukar sauti ne, abin ji rataye a wuyansa, Darakta a bayansa.

"Mama, don Allah, kukan yana shiga na'ura."

Darakta ya leƙa ya ga abin da ya faru. Ya cire hularsa mai baki ya dafe ƙirji. "Allah ya jiƙansa. Wallahi uba ne a wurina." Ya waiwaya ya dubi sama ta tsakar gida. "Sai dai rana tana guduwa, fitowa ɗaya ta rage mana. A ɗan riƙe kukan, ƙanwata, yanzu za mu gama." Ya yi jim, ya dubi mai sautin. "Ko kuma ta yi a hankali. Zai zauna daidai a bayan fitowar."

Labule ya koma. Mai Inji ta miƙe tsaye. Manaja ya yi nisa, hannunta bai taɓa kai masa ba. Wannan kuwa ga shi a ƙofa, da ranarsa guda tak a hannu.

Auta ta ɗago, fuska jage-jage. "Inna, kunna masa injin."

Ta fita. Ta ƙara ɗaure zani, ta juye sauran markaɗen, ta bar mazurarin fayau. Ta san abin da ke samun haƙoran inji idan aka bar su suna cin juna babu komai a tsakani. Duk da haka ta murɗa sukurun har ƙarshe. Ta jira sai da aka ce "shiru", sai da ɗan wasan ya zube a ƙofar Masinja ya buɗe baki, sannan ta naɗa igiya ta fizga.

Ƙarar da ta fito ba ta markaɗe ba ce. Ƙarfe ne ke ihu a kan ƙarfe. Mai sauti ya fizge abin kunnensa ya yi jifa da shi.

Mai Walda ya ɗaga mata hannu daga tsallake, yana tambaya. Ta nuna ƙofar Masinja, ta kwantar da tafin hannunta. Ya tsaya ya kalli ƙofar. Sannan ya jawo falankin kwano ya ɗauki guduma. Bakanike ya kwance salansar motar da yake gyara ya taka totur. Mai aski ya tayar da janareta, babu kowa a kujerarsa.

Mai gidan haya ya iso da gudu, takalmi ɗaya a hannu. "Inna! Kin haukace ne?"

Ta sa hannu a bayan kunne. "Me ka ce, ranka ya daɗe, ranka ya daɗe?"

"Gobe ki kwashe!"

"Ba na ji! Inji!"

Darakta ya ture shi ya matso, jijiyar wuyansa a miƙe. "Mama, kin san abin da kike jawo mini? In ban kai kashin nan ba na shiga uku! Me kike so?"

Wannan kam ta ji. Ta sunkuyo daidai kunnensa. "Ka ɗan riƙe kukan, ɗana. Yanzu za mu gama."

Ya koma yana ihu a ɗauka haka nan, a sa murya daga baya. Amma ƙarar ta riga ta fito da layin gaba ɗaya. Duk wanda ya tambayi dalili aka gaya masa, sai ya juya ya nufi ƙofar Masinja. Aka kawo benci, aka kawo tabarmi. Waɗanda suka yi dariya a shagon aski su suka fi matsawa kusa, kai a sunkuye. Kafin mai kyamara ya gyara ƙafar na'urarsa, babu abin da ake gani na ƙofar sai bayan mutane. Ɗan wasan ya tashi daga ƙasa, ya kakkaɓe gwiwa, ya rasa inda zai sa idonsa.

Mai Inji ba ta sassauta ba. Bel ɗin injin ya fara wari, hayaƙi ya cika rumfar, ta riƙe mazurarin da hannu biyu don kada ya tsinke. Idonta yana kan inuwar benen da ke bayan layi, tana kallonta tana rarrafowa, ta cinye kwata, ta cinye titi, ta hau ƙafar Darakta. Darakta ya ɗaga kai ya dubi sama, ya zauna a kan akwatin fitila ya riƙe kansa.

Sai da motar 'yan fim ta ƙarshe ta sha kwana ta kashe. Guduma ta tsaya, janareta ya mutu. A cikin wannan shirun maza suka fito da Masinja, ana jin takun kowa har suka fice daga layin.

Ta zauna a kan bencin rumfar, garin ƙarfe baƙi ya zubo a robar da ke ƙasan injin. Hannayenta sun ƙi tsayawa. Auta ta fito da kwanon ruwa ta ajiye mata a cinya, ta zauna kusa da ita. Mai Inji ta tsoma hannayen a ciki, su biyun suka zuba wa ruwan ido yana rawa.