Hannun Lola Siony

Kakata, Lola Siony, ta sauka Karachi da jakar busasshen kifi da shawarar da ta riga ta yanke: jika ɗaya za ta koma da ita Iloilo, garinmu na asali a ƙasar Filifin, ta sa a makaranta. Mu biyu ne, ni da Charmaine, 'yar ƙanwar Mama.

Ni ke da bukata. Takardun zamana sun mutu tun ina ƙarama, makaranta ta sallame ni, sauran karatun a jaridun da mai kayan miya ke ƙunshe barkono a ciki na yi shi. Charmaine kuwa tana makarantar kuɗi, don uwarta, Tita Baby, na rainon 'ya'yan wani mai masaƙa a Clifton, unguwar masu kuɗi. Tita Baby ta haura hamsin, har yau Baby. Turanci take yi ta hanci, ko kyanwa za ta kora.

A coci 'yar Pakistan ake ce mini. A layinmu kuma 'yar China. Ban taɓa zuwa China ba.

Mama ta yi ta koya mini gaisuwar gida. "Ki kama hannunta ki ɗora a goshinki. Shi ke nan, Precy. Ko akuya za ta iya."

Charmaine ta fara. Ta kama hannun, ta ɗora, har da hawaye. Hawayen ma sai da aka gwada su, ta bango na ji.

Sai ni. Lola ta miƙo hannu, jikina ya yi abin da ya saba yi gaban kowace tsohuwa a layinmu: na sunkuyar da kai, ina jira ta dafa ni ta sa albarka. Na jira. Ita ma ta jira. Hannun na rataye kamar shanya.

"Me take nema a ƙasa?" in ji Lola.

Tita Baby ta kwashe da dariya, ta dubi uwarta. "Haka suke yi a nan, Nanay. Bari ki ga cin abincinta, kwanon ma ba ya bukatar wanki."

Mama ta mintsine ni. Na fizgo hannun na buga a goshi, zoben Lola ya tsaga mini fata. Ta janye, ta duba zoben, ta goge a siket.

Ta juya wajen Mama. "Nenita, wannan ai ta zama 'yar gari. Bar musu kayarsu."

Charmaine ce ta tafi. Ba ta daɗe ba ta dawo, wai sauro, wai ba mota. Lola ta ce ta gama da jikokin waje.

Ni kuma Tita Baby ta yi mini alheri, ta samo mini raino a maƙwabtan gidan da take aiki. Uwar gidan ta juya ni gaba da baya, ta ce na yi. Sharaɗinta ɗaya: kada baƙi su kuskura su ji Urdu, yaren gari, a bakina. Ita dai 'yar Filifin ta ɗauka aiki, kuma ta riga ta gaya wa ƙawayenta.