Garin da Baffa yake komawa

Idan mutum ya ce ya tuna wurin da bai taɓa takawa ba, don kada wani ya rage shi kaɗai a cikin tunaninsa, ƙarya ya yi? Na daɗe ina juya wannan tambaya, har yau ban samu inda zan ajiye ta ba.

Ni da Baffa, yayan mahaifina, muke riƙe da shagon gyaran jakunkunan tafiya. Ni ke sa zif da tayoyi, shi ke ɗinkin hannu. Da ƙuruciyarsu shi da mahaifina babbar mota suka tuƙa, babu inda ba su leƙa ba. Tun da mahaifina ya rasu, sai Baffa ya koma yin tafiya daga zaune. Za ka ga allura ta tsaya a tsakiyar fata, idonsa na kan bango, yana murmushi.

"Baffa, an sauka lafiya?" in ce masa.

"Kai ɗan nan, ka tare ni ina tsakiyar gada."

Inda ya fi komawa wani gari ne a bakin ruwa, ƙetaren wata gada, inda motarsu ta taɓa lalacewa suka zauna jiran kayan gyara. Tagar ɗakin da suka kama ba ta rufuwa, iska na shigo musu da ƙarnin kifi, ga wata tsohuwa mai shara da kullum take yi musu faɗa saboda yashin ƙafarsu. Na ji labarin har na haddace.

Bara ya fara ɗauka ta a matsayin mahaifina. Ya juyo wata rana ya ce, "Ka tuna tsohuwar nan?"

"Baffa, ni ne fa. Lokacin ko haihuwata ba a yi ba."

"To, sarkin gaskiya." Ya yi dariya, amma bai ƙara magana ba har muka rufe shago.

Da na ba matata labari, ta ce, "Ka ce masa e mana. Me zai ragu a jikinka?" Na ce mutumin da ya koya mini riƙon allura ya wuce a lallaɓa shi kamar yaro. Ta ce, "Sai ka dafa gaskiyar taka ka ci." Duk da haka ban sauya ba. Duk sanda ya tambaya, sai in gyara masa.

Ran nan da la'asar na ji ɗinki ya tsaya. Na ɗaga kai, babu murmushin. Jakar ta zame daga cinyarsa bai ma sani ba.

"Garin nan," ya ce, "akwai shi kuwa? Ko mafarki na yi? Na hau gadar, na duba ƙetare, ban ga komai ba."

Ya zuba mini ido. Ban san wa yake gani ba, ni ko ƙaninsa. 

Na ajiye filaya, na jawo kujerata kusa da tasa.

"Akwai shi, Yaya," na ce. "Na tuna. Ba a can ka faɗa ruwa da takalmanka ba, masunta suna ta dariya?"

Sai fuskarsa ta washe.

"Tura ni ka yi!"

"Ni ban tura ka ba."

"Ka tura ni, ja'iri, ina ji ina gani!"

Na gyara zama, na ce to, ya ɗauko mana labarin daga gadar.