Ƙwanƙwasa Mini In Ji

Duk Tsiga babu wanda bai san Malam Ɗanasabe mai gora ba, kuma babu wanda bai san gardamarsa ba. Mutum ne da in ka ce masa hadari ya taso, sai ya leƙa waje ya gani kafin ya ce maka haka ne. Yana da ɗan kurmin gora a bakin fadama, wanda ubansa ya dasa tun kafin a yi kwalta. Daga nan yake saro ta tsani, da ta akurkin kaji, da ta jinka, da sandunan makiyaya. Makarar unguwarsu ma shi ya ɗaura ta, shi yake gyara ta duk shekara ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

Ba ya sarar gora sai ya ƙwanƙwasa ta. Zai lanƙwasa yatsa ya bugi gaɓa ta uku daga ƙasa, ya kara kunne, ya yi shiru kamar mai sauraron huɗuba. Ɗanya, in ji shi, amonta a dushe yake, in ka sare ta kafin damina biyu ƙwari sun mai da ita gari. Wadda ta ƙosa kuwa tana amsawa tas, kuma za ta riga mai ita tsufa. 'Ya'yansa biyar duk sun gwada, babu wanda ya ji wani bambanci. Sai ya girgiza kai ya ce, “Kunnuwan boko. Allah ya kyauta.”

Autarsa ita ce Nana Khadija. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa ba ya kiranta da komai sai Uwata. Ita ce ta samu gurbin karatun aikin gona a ƙasar Sin, ta tafi ta bar shi yana cika baki a majalisa, yana kuma ɓoye kewarta a gida, wai shi namiji.

A watanta na farko ta kira shi ta ce, “Baba, ka san akwai dajin gora a nan? Dutse guda sukutum, babu wani icce sai gora. An ce kowace ɗaya kaurinta ya kai cinyar ƙato, tsawonta ya fi hasumiyar masallacin Juma'a.”

Ya yi dariya har da tari. “Uwata, tun yanzu kin fara ƙaryar matafiya? Kin gani da idonki?”

“Ban je ba tukuna. Amma zan je, in kira ka ta bidiyo in nuna maka.”

“To, gani ya kori ji. Ina nan.”

Kafin shekara ta zagayo, ciwon suga ya ci idanunsa. Aka yi ta kai shi asibitin Malumfashi ana dawowa, har aka haƙura. Nana ta yi kuka ranar da ta ji, ta ce masa shi ke nan, alkawarin daji ya tashi. Ya ce wa ya gaya mata? “Ba sai na gani ba. Ki je ki ƙwanƙwasa mini in ji. Mutum ya yi mini ƙarya, hoto ya yi mini ƙarya, amma gora ba ta taɓa yi mini ba.”

Tun daga nan duk wayar da suka yi da wannan tambaya take ƙarewa: “Yaushe za a je dajin namu?” Ita kuma amsarta ɗaya, “Sai an yi hutu, Baba.” Hutu ya zo, aka ce ga sanyi. Wani ya zo, aka ce ga aikin bincike. Ba ƙin zuwa take ba, wallahi tana son zuwa, kawai dai irin abin nan ne da mutum yake ganin yana hannunsa, sai ya yi ta ture shi gaba. Makonni uku da suka wuce makarantarsu ta shirya mota zuwa dajin. Ta rubuta sunanta, da ta tuna jarrabawar ƙarshe na tafe sai ta koma ta soke. Da ta gaya masa bai yi fushi ba. Ya ce, “Karatu ne gaba, Uwata. Gora ba ta gudu.”

Ran Alhamis ta ajiye alƙalami. Ran Asabar da sassafe ta kama hanya ita kaɗai, awa biyu a jirgin ƙasa, awa ɗaya a bas. Ba ta gaya wa kowa a gida ba, so take ta shammace shi. Tana tafe tana murmushi, tana shirya yadda za ta tsokane shi in ya ji da kunnensa ya rasa ta cewa.

Kusan kwana goma sha biyu ke nan rabonta da muryarsa. Duk sanda ta kira, yayanta Mahadi ne ke ɗauka. Yau Baba yana barci, gobe an raka shi masallaci, jibi waya ba caji. Mahaifiyarsu Hansai kuwa ta daina yarda da kiran bidiyo, sai murya, ita ma gajeruwa: “Lafiya lau, Auta. Ki yi ta karatu.” Da Nana ta tsaya ta yi tunani da ta gane akwai wani abu. Ba ta tsaya ba. Kanta na cikin littafi, har daɗi ta ji da ba a tsare ta da dogon zance.

Da ta shiga dajin sai da ta tsaya cak. Ashe ma an rage mata labari. Gora ce iya ganinta, kore shar, a miƙe, ta haɗe sama har rana ba ta sauko ƙasa sai tsilli-tsilli. In iska ta kaɗa sai ka ji suna gogar juna suna kuka can sama, irin kukan tsohuwar ƙofa. Ga wani ƙamshi na danshi da ruɓaɓɓen ganye wanda ya kai ta fadamar Tsiga kai tsaye, tana ƙarama, tana riƙe wa Baba igiya. Ta sa hannu biyu ta kama wata, yatsunta suka kasa haɗuwa. Ta ce a ranta, yau gardama ta ƙare.

Sai dai lokaci bai yi ba. Ƙasar Sin ta riga gida da awa bakwai, yanzu can ko asuba ba a yi ba. Ta bi hanyar dutse tana hawa, tana wuce masu ɗaukar hoto da tsofaffi masu sanduna. Ta ci burodin da ta taho da shi. Ta samu wani lungu ta yi sallar azahar. Sannan ta shiga zaɓe, kamar mai zaɓen zanen salla: wannan ta cika kore, waccan ta karkace. Can gefen hanya, inda babu hayaniya, ta samu wata ƙatuwa da launinta ya fara komawa ruwan ƙasa. Ta zauna a gindinta tana duban agogo.

Ƙarfe uku daidai ta kira. A Tsiga takwas na safe ke nan, lokacin da Baba ya gama shan koko ya fito ƙofar zaure da rediyonsa.

Sai a kira na uku Mahadi ya ɗauka. Fuskarsa ta cika wayar, ya matso da ita kusa ƙwarai.

“Yaya, ina kwana? Dubi inda nake.” Ta juya wayar ta nuna masa sama, ta dawo da ita. “Kai wa Baba. Maza, kafin sabis ya ɗauke.”

Mahadi ya ce, “Ke da jarrabawa, me ya kai ki daji?”

“Na gama tun shekaranjiya. Kai masa mana.”

“Kin gama? Mu mun ɗauka sai Litinin.”

“An matso da ita. Yaya, don Allah.”

“Ai... bai tashi ba tukuna.”

“Baba ne bai tashi ba ƙarfe takwas? To tashe shi. Wallahi in ya ji ina nan kuka hana shi, kai da shi ne.”

Ya kama hanyar cikin gida. Ta ga yana tafiya, ta ga rufin zaure ya wuce, ta ga sararin tsakar gida. Ya tsaya a ƙofar ɗaki bai shiga ba. Daga ciki ta ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa: “Auta ce? Ta gama?” Ya ce ta gama. Inna ta ce, “Ba ni ita.”

Wayar ta yi rawa, sannan fuskar Inna ta bayyana.

Hansai mace ce da ko zazzaɓi take sai ta sa kwalli. Ranar da ta haifi Nana ma, an ce, sai da ta nemi tandunta kafin 'yan barka su shigo. A iya rayuwar Nana ba ta taɓa ganin idanun nan ba kwalli ba. Yau ga su fari fat. Kunnuwanta babu 'yan kunnen nan na azurfa da ba ta cirewa. Ta yafa wani tsohon mayafi da ya koɗe, wanda Nana ta san da shi ake rufe ƙullu.

“Inna, ina kwallinki?”

Inna ta tsura mata ido. Labarin zuciya a tambayi fuska. Macen aure ba ta ajiye kwalli da 'yan kunne rana ɗaya sai in takaba ta shiga, Nana ta san wannan tun ba ta san karatu ba. Ta zame ta zauna a kan busasshen ganye.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” ta ce, muryar kamar ba tata ba. “Yaushe?”

“Yau kwana goma. Ran Laraba, bayan la'asar. Bai sha wuya ba, Auta. Kwana biyu ya yi a kwance.”

“Kwana goma, Inna. Ina ta kira kuna ce mini yana barci.”

“Shi ya ce. Ya tara mu ya ce kada wanda ya gaya miki sai kin ajiye alƙalami. Ya ce shekara uku kina wahala a ƙasar mutane, ba zai zama shi ne ya zubar miki da ita a bakin gaɓa ba. Kin san babanku in ya kafe.” Ta goge ido da bakin mayafi. “Ni na kasa nuna miki fuskata, don na san kina gani za ki gane.”

Nana ta ji haushi ya taso mata, haushin Yaya, haushin Inna, har da na Baban. An yi masa wanka, an ɗauke shi a makarar da ya ɗaura da hannunsa, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, ita tana can tana haddar sunayen takin zamani. Amma haushin bai je ko'ina ba ya juyo kanta. Da ba ta soke sunanta ba ran nan, da ya ji. Mota har ƙofar makaranta, kujera da sunanta, shi kuma lafiyarsa ƙalau yana zaune a ƙofar zaure. Ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba tun tana yarinya. Wasu mata biyu da ke wucewa suka tsaya, ɗaya ta ajiye mata 'yar takardar share hawaye a kan gwiwa, suka wuce.

Inna ta bar ta ta yi mai isarta. Mahadi na gefe yana ta cewa, “Haƙuri, Nana. Addu'a za ki yi masa.”

Da ta samu numfashi ta ce, “Inna, ki gaya mini gaskiya. Ya tambayi dajin?”

Da wata ce da ta ce a'a don ta sauƙaƙa mata, amma Hansai ta gaji da ɓoye-ɓoye.

“Ya tambaya. Ran Talata ya ce, in Uwata ta je, ku ce mata gaɓa ta uku za ta buga. Kada ta bugi ta ƙasa, ta ƙasa ruɗin mutum take.” Ta gyara riƙon wayar. “Kina wurin yanzu ko? Nuna mini.”

Nana ta miƙe da ƙyar. Ta ɗaga wayar ta bi gorar da ita tun daga gindi har inda ta ɓace cikin ganye.

“Ikon Allah,” in ji Inna a hankali. “Ashe da gaske kike. To buga mana.”

Ta ƙirga daga ƙasa, ɗaya, biyu, uku. Ta kara wayar a jikin gorar, ta lanƙwasa yatsa yadda yake yi, ta buga sau uku. Amon ya fita, ya bi cikin gorar ya yi sama. Ta kara kunnenta ita ma, ta rufe ido, ta saurara iya ƙarfinta.

“Inna, kun ji?”

“Mun ji.”

“Ta ƙosa?”

Inna ta waiwaya ta dubi Mahadi. Mahadi ya sunkuyar da kai.

“Ban sani ba, Auta,” in ji Inna. “Shekara arba'in da ɗaya ina jin yana bugawa. Ban taɓa cewa ya koya mini ba.”

Daga nan sabis ya ɗauke, fuskar Inna ta tsaya cak a wayar, sannan ta ɓace. Nana ba ta sake kira ba. Bas ɗin ƙarshe sai ƙarfe biyar, da sauran lokaci. Ta matsa ga ta kusa da ita, wata koriya shar da ko makaho ya san ɗanya ce, ta ƙirga uku ta buga. Ta dawo ga ta farkon ta buga. Ta sake komawa, ta sake dawowa, har gaɓar yatsanta ta yi ja. Duk amonsu ɗaya ne a kunnenta.