Amani Tana Cikin Lambunmu

Ni dai kowa a garinmu ya san ni da faɗa, kuma ba na musu. Yara suna ce mini Ustaza Zamzam a gabana, abin da suke kirana a bayan idona kuwa su da Allahnsu. To, ranar da na leƙa ta tagar aji na hango wata mata tsaye a tsakiyar albasar 'yan aji huɗu, da takalminta da komai, ban tsaya tambaya ba. Na jefar da alli na fito.

"Ke baiwar Allah! Ba ki da idanu ne? Shuka ce fa kike takawa!"

Ko waigowa ba ta yi ba. Ta dubi katanga, ta dubi ƙasa, ta matsa gaba ta sake taka wata albasar.

Kada ku ga laifina, lambun nan ba ƙaramar wahala muka sha a kansa ba. Lokacin da yaƙi ya matso ƙauyukanmu na kusa da Mai Wurno, aka rufe makaranta, yawancinmu muka watse. Ni Damazin na nufa, wurin yayana. Da ƙura ta lafa muka dawo, wallahi sai da na yi kuka. Mutanen da suka gudo daga wasu garuruwa sun zauna a azuzuwan, kuma ban zarge su ba, amma bencinan yara duk sun tafi a murhu. Itatuwan dogon yaro da ke jere a filin baya an sare su kaf. Katanga ta zube da ruwan damina. Filin kansa ba komai sai toka da leda da ramuka.

Shugaban makarantar, Ustaz Alamin, shi ya ce mu mai da filin lambu, yara su koyi kula da ƙasa da hannunsu, ba a kan allo kaɗai ba. Iyaye suka yi karo-karo aka tada katanga, wani ya ba da aron tarakta ta tumɓuke kututtura ta baje wurin sumul. Ni aka ɗora wa sauran. Na raba wa kowane aji fangalinsa, na koya musu haɗa taki da kashin awaki da busasshen ganye, na hana yar da leda, na sa kowane yaro ya dasa icce ɗaya ya san nasa. Ruwa kuwa da jardal, wato bokiti, suke ɗebowa daga tur'a, magudanar da ke bayan gari. Yaran da suka dawo ba sa ko dariya, a lambun nan na fara jin suna gardama a kan kuɓewar wa ta fi tsawo.

Shi ya sa na isa wurin matar nan raina a ɓace, na kama gefen mayafinta.

"Da ke nake magana! In lalo kike so, ki roƙa a ba ki."

Sai a lokacin ta dube ni. Ba za ta girme ni ba, amma fuskarta ta bushe kamar ta tsohuwa.

"Ustaza, ina itatuwan da ke nan?"

"An sare su tun ba ma nan. Me ya haɗa ki da su?"

"'Yata tana ƙarƙashin ɗaya."

Hannuna ya saki mayafin da kansa. Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Na kai ta ofis, Ustaz Alamin ya ba ta ruwa, ta ba mu labari a hankali. Sunanta Hindu, daga wani ƙauyen Hausawa na Jazira, wajen Madani. Tana cikin waɗanda suka zauna a makarantarmu da damina. 'Yarta Amani ta kamu da amai da gudawa, ba magani, ta cika a cikin ajin da nake koyarwa yanzu. Hanyar maƙabarta ruwa ya cinye, ga harbi ana ji, babu mai yarda ya fita gari da gawa. Mazan da ke cikinsu suka haƙa mata a filin baya, gindin dogon yaro. Hindu ta kafa jan bulo biyu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Ba a jima ba suka sake gudu, kowa ya kama gabansa. Yau ta samu ta shigo mota daga Sinnar don ta ga kabarin.

"Wane icce ne a cikin jerin?" in ji Ustaz Alamin.

"Na kusa da katanga."

"'Yar'uwa, duk kusa da katanga suke. Kuma katangar ma ba a inda take a da aka mai da ita ba."

Muka koma filin mu uku. Ta tsaya nan, ta ce a nan ne. Ta matsa can, ta ce a'a, kamar dai a nan. Ta ce tana iya hango tagar ajin daga wurin, amma daga ko'ina a filin ana hango tagar. Ta zauna a ƙasa ta dafe kai. "Uwa ce ni kuwa? Ni da na ce ko a makance zan gane wurin."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Na zagaya gari gida-gida da yamma ina tambaya, har na yi wa wasu tsofaffi tsawa, Allah ya yafe mini. A ce an binne yarinya a makarantarku ba wanda ya sani? Amma gaskiyarsu ce. Waɗanda suka rage a gari lokacin ƙofa suka rufe, ko masallaci ba sa zuwa. Mai taraktar ya rantse bulo dai ya gani birjik a filin, na katangar da ta zube, ya ture su gefe guda. Ta yiwu bulon Amani suna cikin sabuwar katangar.

Limaminmu, Malam Salih, ya zo ya saurara. Ya ce haƙƙin mamaci ne a san makwancinsa, a daina taka shi. Tunda ba a san wurin ba, sai a bi layin da itatuwan suke a tona a hankali, in an same ta a mai da ita maƙabarta cikin mutunci. Layin nan kuwa shi ne tsawon lambun gaba ɗaya. Ustaz Alamin ya dube ni, don ya san halina. Na ce, "Me kake kallona? A tona mana. Kuɓewa ce za ta fi 'yar mutane?" Na faɗa da ƙarfi, amma zuciyata ta yi zafi, ba zan yi ƙarya ba.

Da safe na tara yara na gaya musu komai, ban rage ba. Yaran nan sun ga abin da ya fi wannan. Can Bilkisu, wata mai surutun tsiya 'yar aji uku, ta ɗaga hannu ta dubi Hindu.

"Inna, ajinta nawa?"

"Da yanzu tana aji uku," in ji Hindu.

Bilkisu ta miƙe. Ta tafi fangalin ajinsu ta fara tuge kuɓewar da ta soma fure da hannunta. Sauran suka bi ta. Ba wanda na sa, ba wanda na hana.

Maza suka shigo da fartanya da shebur. Malam Salih ya yi addu'a, aka fara daga inda yara suka share. Hindu tana tsaye kusa da ni, ina jin numfashinta. Duk saran da aka kai ƙasa sai kafaɗarta ta motsa. Ramin ya kai gwiwa, ya wuce. Sai fartanyar wani ta bugi wani abu mai tauri, ƙwas!

Ihun da Hindu ta yi har gobe yana kunnena. Ta faɗa ramin ta rungume fartanyar.

"Ku bari! Don girman Allah ku bari!"

"Saiwa ce, 'yar'uwa," in ji mai haƙan. "Saiwar icce ce, duba ki gani."

"Yanzu saiwa ce. Na gaba fa? Ku sare mini ita ina tsaye ina kallo? Ta sha wahala da ranta, ku ƙyale ta ta kwanta."

Malam Salih ya matso ya tausasa murya. "Hindu, in muka bari, ba za ki taɓa sanin wurin ba. Kin gane?"

"Na gane, Malam."

"Kin yarda?"

Ta saki fartanyar. Sannan ta ce, "Allah ya san inda take. Ku rufe."

Aka mai da ƙasa. Liman ya ce zai zauna da dattawa a ga yadda za a yi da wurin, amma daga yau a bi ta gefe, kada ƙafa ta sake hawa layin. Ni ce na kamo Hindu na fito da ita daga ramin, ina kuka ina yi mata faɗa a kan ta kusa karya ƙafa, don ban san wata hanyar ba.

Ta karkaɗe zanenta ta ce, "Ustaza, ranar da aka binne ta ban samu na zuba mata ruwa ba. Wanda muke da shi ko na sha bai isa ba. A ara mini jardal."

Bilkisu ta kawo nata cike. Hindu ta cire takalmi. Ta fara daga fangalin 'yan aji ɗaya, ta durƙusa a gefe, ta ɗebi ruwa da tafin hannu ta yayyafa.

"Salamu alaikum, Amani. Innarki ce."

Ta tashi ta matsa fangali na gaba, ta durƙusa, ta yayyafa, ta sake faɗa. Haka ta bi albasa, ta bi lalo, ta bi tumatir, ta bi wurin da aka tona, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ruwan ya ƙare tun ba ta kai rabi ba. Ban ce wa kowa uffan ba, sai na ga yara sun ɗauki jardal-jardal sun nufi tur'a da gudu.

Hindu ta tsaya da jardal ɗin wayam a hannu tana jiran su dawo. Ta dubi sauran fangulan da ba ta kai ba, ta ce, "Yi haƙuri, 'yata, ina zuwa."